Rasuwar Dutsen Niƙan Gidan Pak Wagiman

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da ya rasa abin kamawa, Pak Wagiman na layin bayan kasuwa a garin Ponorogo yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar dutsen niƙan gidansa, wanda ya rabu gida uku a bakin rijiya da hantsin ranar Alhamis, bayan shekara arba'in da ɗaya yana hidima.

Marigayin ya shigo gidan ne cikin kayan auren matar maigidan, Bu Sumirah, Allah ya jiƙanta, a naɗe cikin zani a bayan keke. Baƙi ne wuluk, mai faɗi kamar faranti, mai nauyin da sai da hannu biyu. Duk ranar Lahadi shi ne farkon tashi aiki. A kansa ake murje soyayyar gyaɗa da tafarnuwa da jan barkono da mazarƙwailar kwakwa, har su zama miyar da ake kwarara wa tsiren kaza. Muryarsa guda ce, gurus, gurus, gurus, kuma da ita yaran gidan, Tutik da Harjo, suke sanin gari ya waye.

Bu Sumirah tana niƙa a kan dutsen, maigidan yana gaban murhu da mafici, sai ta ɗago ta ce masa, "Kang, kazar nan fa ba don ta zama gawayi muka yanka ta ba."

Ya ce, "Ko ta ƙone, miyarki za ta rufa mini asiri."

Yara suka girma. Harjo ya tafi aikin gonar kwakwar manja a Kalimantan, Tutik ta haye Taiwan tana jinyar wata tsohuwa. Shekara uku ke nan da aka kai Bu Sumirah makwancinta. Daga nan marigayin ya karɓi hannun maigidan da bai iya niƙa ba, ya yi haƙuri da shi har ya koya. Tutik ta aiko da injin markaɗe. Pak Wagiman ya gwada shi sau ɗaya: kafin ya zauna miya ta haɗu, ya tsaya yana kallon sauran safiyar bai san inda zai kai ta ba. Ya mayar da shi kwalinsa.

Ciwon ajali ya fara ne a daminar bara, wata siririyar tsaga daga gefe. Marigayin bai taɓa fashin aiki saboda ita ba. A makon nan ne aka sa ran Tutik za ta zo hutu ran Juma'a, karo na farko cikin shekara huɗu. Tun Laraba mahaifinta ya fere tsinken gora, ya sayo ganyen ayaba. Da safiyar Alhamis ya yanka kaji biyu, ya jiƙa naman cikin kayan ƙamshi, ya niƙa gyaɗa. Yana kwashe miyar waya ta yi ƙara.

"Pak, ka yi haƙuri," in ji Tutik. "An kwantar da tsohuwar a asibiti. Sun ce in ɗaga tafiyar."

Ya ce, "Ba komai, 'yar Baba. Ki riƙe uwar mutane da kyau. Ni ban ma shirya komai ba."

Ya ajiye wayar, ya ɗauki marigayin zuwa rijiya don ya wanke shi. Sai ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi. Marigayin bai yi doguwar magana ba, ya ce ƙwas, shi ke nan.

Maƙwabciyarsa Yu Darmi ta leƙo ta kan shinge ta same shi a tsugune. Ta ce, "Kai Wagiman, da furfurarka kake wa dutse kuka? Kasuwa cike take da irinsa."

Ya ɗago wani ɓari ya nuna mata kwarmin da ya lotsa a tsakiya. "Wannan ramin Sumirah ce ta yi shi, Yu. A wane shago ake sayar da shi?"

Ta zagayo ta ƙofa, ta taya shi tsince gutsattsarin.

Marigayin ya rasu ya bar ɗansa guda, ɗan dutsen murza, wanda yanzu ba shi da inda zai kwanta. Ya bar abokin aikinsa murhun ƙarfe, da mafici mai karyayyen hannu, da kwano ɗaya na miyarsa ta ƙarshe, da wani tsoho da ba ya iya cin fiye da tsinke biyar.

Za a binne shi yau Juma'a bayan la'asar, a gindin lemun tsamin da ke bayan gida. Daga nan za a hura gawayi a gasa naman, tun da an riga an jiƙa shi kuma ba zai kai gobe ba. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai. Abin da mai makokin yake roƙo kawai shi ne, duk wanda ya zo kada ya yi gaisuwa a tsaye ya wuce. Ya ja kujera, ya zauna, ya daɗe.