Ranar da kare ya ja ni cikin tumatir

Maƙwabcina da zai bar Dogon Dutsi ya bar mini karensa, ruwa biyu: uwarsa karyar kiwo ce, ubansa karen jan kaya a ƙasar ƙanƙara. Bai san zama ba. Matata ta gargaɗe ni, na ce, "Ni da nake kada bijimi?" Na ɗaura igiyarsa a ƙuguna, muka nufi kasuwa.

Sai ya hangi akuya. Ya fizge ni, muka ratsa rumfar tumatir, takalmina can, hulata can.

Mai tumatir tana ihu, "Malam, tsayar da shi!"

Na ce, "Hajiya, shi za ki roƙa!"

Har yau 'yan kabu-kabu in sun gan ni ni kaɗai sai su ce, "Malam, yau direbanka na hutu?"