Farar Riga a Bikin Suhaila

Ba zan taɓa mantawa da bikin Suhaila ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu ta Utaibiyya, a nan Makka, ba za su bar ni ba.

Amma kafin in kai ku wurin bikin, bari in faɗa muku ciwona. Ni mayyar tsofaffin finafinan Amirka ce, irin fari-da-baƙin nan da 'yan wasansu suka daɗe a ƙarƙashin ƙasa. A wurin Abba na gada, Allah ya jiƙansa. Direban motar alhazai ne, kuma duk zuwan da zai yi Jidda sai ya dawo da kaset. Idan aikin Hajji ya wuce, gari ya yi sakayau, sai ya kunna mana ya ce, "Ya binti, 'yata, zauna ki ga fim. Waɗannan su ne finafinai, sauran duk hayaniya ce." Kullum muna musu a kan wanda ya fi kowane. Shi na kaboyi yake so, masu doki da bindiga. Ni kuwa na matan nan masu doguwar riga da safar hannu, waɗanda idan suka sauko daga bene kowa sai ya daina magana.

Bayan rasuwarsa na ci gaba da kallo a waya, ni kaɗai. Ƙawayena suna ta fama da finafinan Turkiyya, ni ina yi musu kallon tausayi. Su duk sun yi aure. Ni na wuce talatin ina ɗakin Umma (kada ku tambaye ni da nawa na wuce), ina jiran mutumin da zai cire hula idan ya gan ni.

Suhaila 'yar Goggo Rabi ce, ƙanwar Abba. Ni na goya ta, ni na koya mata ɗaura ɗankwali. Da aka sa ranar bikinta, Umma ta shigo ɗakina ta rufe ƙofa.

"Uwar angon, Hajiya Ma'u, tana da babban ɗa," ta ce. "Matarsa ta rasu, yana aikin kemis a Jidda, mutumin kirki. Goggonki ta yi mata maganarki. A bikin za ta gan ki. Don Allah, don Annabi, ki yi shiga irin ta mutane."

Kun san yadda abin yake a nan. A zauren biki iyaye mata suke zaɓar suruka, tunda nan kaɗai ake cire abaya. Na ce wa Umma ta kwantar da hankalinta. A raina kuwa na riga na san rigar da zan sa.

Na tafi unguwar Mansur wurin Maman Hafsa mai ɗinki, na tsayar mata da wani fim a waya daidai inda jarumar take tsaye a kan bene. Riga ce mai sheƙi har ƙasa, ga safar hannu har gwiwar hannu, ga 'yar hula mai raga da ta rufe fuska.

"Wane launi?" ta tambaya.

"Yadda kika gani."

"Ni dai fari nake gani, 'yar nan. Biki fa za ki, kuma ba naki ba."

Na yi mata bayani, cikin ilimina mai yawa, cewa ruwan azurfa ne, kyamarar zamanin ce take nuna shi fari. Ta ce to. Ta nemo yadin da ya fi kama da na wayar. A ƙarƙashin fitilar shagonta wallahi ruwan azurfa ne. (Har gobe ina kan wannan maganar, ko da yake ni kaɗai ce a kai.)

Ranar bikin, Umma ta riga ni tafiya da su Goggo, domin ba a gama kafa hular ba. Na iso a makare, rigar tana cikin leda. Matar da ke karɓar wayoyi a bakin ƙofa, don kada a ɗauki hoton mata, ta nuna mini hanyar baya, ta ce akwai ɗakin canza kaya a sama, kusa da na amarya. Na hau, na shirya, na sauke ragar a fuskata. Da na fito sai na ga wani benen daban, mai faɗi, an shimfiɗa masa jan kafet, an jera furanni hagu da dama, yana sauka har tsakiyar zauren.

Duk 'yar Makka ta san wannan benen na zaffa ne, wato inda amarya take saukowa da kiɗa. Ni ma na sani. Niyyata in ɗan tsaya daga sama in leƙa, in ji yadda jaruman nan suke ji, sannan in koma ta baya.

Ashe mai kula da fitilu ta hango farin abu a saman bene.

Ɗif, zauren ya yi duhu. Hasken wata fitila guda mai ƙarfi ya faɗo a kaina. Makaɗa mata suka saki ganguna, hayaƙi ya fara tashi daga ƙasa, guɗa ta kaure ta ko'ina.

A nan ne ya kamata in juya da gudu. Da na yi haka, da an yi dariya an wuce. To ban juya ba. Tunda aka haife ni ba a taɓa yi mini guɗa ba, sai ga ɗaruruwan mata sun miƙe tsaye saboda ni. Na ɗaga haɓa, na ɗora hannu mai safa a kan ƙarfen benen, na fara saukowa a hankali, yadda na gani sau babu adadi. Kuma na iya. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, na iya sosai.

A ƙasan benen wata dattijuwa mai gwal har wuya ta taro ni, tana watsa mini furanni tana hawaye. "Masha Allah, masha Allah, barka da zuwa gidanmu, 'yata!" Ta rungume ni, ta ɗaga ragar don ta sumbaci goshina.

Hannunta ya tsaya a sama.

"Ke kuma wace ce?"

Hajiya Ma'u ke nan. Haka muka fara ganin juna.

Gangunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na ga idanun mutane sun bar ni sun koma sama, sai na waiwaya. Suhaila ce a saman benen, cikin rigarta ta amarya, a cikin duhu, babu fitila ko ɗaya a kanta. Kiɗan da ta zaɓa da kanta an gama buga shi, hayaƙin ya ƙare, furannin suna kan kafaɗata. Ta dube ni ta ce, "Yaya?" da wata 'yar murya, sai ta rufe fuska ta koma ciki.

Na ja da baya don in ba da hanya, tsinin takalmina ya kama bakin rigar. Na ji ƙyat, na zauna daɓas a kan matakala, hular ta gangara ƙarƙashin wani tebur.

Goggo Rabi ta ratso mutane ta tsaya a kaina. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. "Ranarta guda ɗaya a duniya," ta ce. "Ita ma sai da kika karɓe?"

Umma ce ta zo ta lulluɓe ni da abayarta, ta fitar da ni ta ƙofar kicin, tsakanin tukwanen shinkafa. An ce sai da aka daɗe ana lallashin Suhaila, aka sake mata kwalliya, aka sake zaffar, amma guɗar ba ta yi rabin ta farko ba.

A mota Umma ba ta yi mini faɗa ba. Har muka wuce unguwar Jarwal tana kallon taga, sannan ta ce, "Ni tun daga sama na gane tafiyarki. Na ji guɗa, na gan ki cikin fari. Wallahi na ɗan lokaci sai na manta bikin wa muka zo."

Na gwammace mari goma da wannan maganar.

Zancen ɗan Hajiya Ma'u ya mutu a wurin. Ya auri wata 'yar Mansur, kuma ba a gayyace mu ba. Na je gidan Suhaila ba da haƙuri, ta ba ni shayi, ta ce halas, wato shi ke nan, ya wuce, amma har yau idan na kira ta sai ta turo saƙo cewa tana aiki. Ta haihu, a bakin mutane na ji. A unguwa kuwa sunana Amaryar Amirka, kuma babu wata uwa da ta sake tambayar Umma ko ina da miji. Mai ɗaukar bidiyon bikin ta yanke ni tas, saboda haka fim ɗaya tak da na taɓa fitowa a ciki ma ban tsira a cikinsa ba.

Har yanzu ina kallon finafinan, kuma har yanzu ina cewa babu kamarsu. Sai dai na gano inda suka cuce ni. A can, idan mace ta ji kunya, allon yakan yi baƙi, sai a nuno ta a wani gari da sabuwar riga. A nan babu mai kashe miki kyamara. Ke za ki tashi, ki tattare yagaggiyar rigarki, gobe kuma ki fita sayen burodi a layin da kowa ya san ki. Don haka idan tela ta ce miki fari take gani, 'yar'uwa, fari ne.