Yadda Za Ka Hana Birekar Gidanka Faɗuwa Har Abada

"Yaya, kai dai ka ɗinka min riga kyauta, ni kuma in raba ka da ɗaukewar wutar nan," in ji ƙanin matar maƙwabcina tela. Tela ya miƙa hannu suka tafa. A gabana aka yi, na kuma kalli aikin daga farko har ƙarshe. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin sakamako, kuma ba za ka jima kana jira ba.

1. Kada ka yi lissafi

An kafa akwatin wutar gidanka tun ana kunna ƙwan fitila da fanka kawai. Yau ka ƙaro firiza, hita, keken ɗinki na lantarki da ƙaton dutsen guga. To sai me? Akwati ne, ba jaki ba. Wa ya taɓa jin akwati ya gaji?

2. Sallami mai gyaran wuta

Zai buɗe akwatin, ya ja tsaki, ya ce wayoyin sirara ne, sai an sauya su an sa babban akwati. Ka yi masa tambayar da tela ya yi: "Malam, siririn mutum ba ya ɗaukar kaya ne?" Ka raka shi ƙofa tun bai amsa ba.

3. San maƙiyinka

Bireka ce, ƴar abar nan da ke yin ƙas ta kashe wuta duk sanda ka jona guga matarka na dafa ruwa. Wai tsare ka take yi. Wa ya roƙe ta? Ƙanin matar tela ya cire ta, ya ɗora wata ƙatuwa irin ta masana'anta a kan tsofaffin wayoyin nan.

"Wannan ko injin niƙa ka jona ba za ta motsa ba, Yaya."

Bai yi ƙarya ba.

4. Kada ka yarda da hanci

Bango zai fara ɗumi, ɗaki ya ɗauki warin roba.

"Baban yara, ba ka jin ƙauri?" in ji matar tela.

"Maƙwabta ne ke ƙona shara."

"A cikin bangonmu?"

Kada ka amsa. Fesa turare.

5. Rufa wa akwatin asiri

Ya soma baƙi, ba kyan gani. Tela ya buga ƙusa a samansa, ya rataye yadukan mutane da ke jiran ɗinki, leshi mai tsada a gaba. Abin da ido bai gani ba ai lafiyarsa ƙalau.

6. Jona komai, ka fita sayen zare

Da tela ya dawo, ya tarar da matarsa da yara a titi, ƴan kwana-kwana na naɗe tiyo. Ɗakin ɗinki ya zama murhu. A tsakiyar toka kuwa ga bireka tsaye ƙyam, ko gezau.

Mai gyaran wuta ya samu aikin gida sukutum maimakon akwati ɗaya. Matar tela ta samu maganar da za ta riƙa kashe kowace gardama da ita har tsufa. Tela kuwa, masu yadi sun san lokacin fitarsa, yanzu ta katanga yake zuwa kasuwa.

Ni dai labari na ba ka, ban riƙe maka sukundireba ba. In gobara ta tashi, kada ka ambaci sunana. Amma in bangonka na jikin nawa, don Allah ka faɗa min tun a mataki na uku, in kwashe katifata.