Babba Ke Fara Magana

Buhu arba'in na wake gare ni a Tasawa, ga mai saye daga Mayahi. Na zuba mataimaka uku na ƙirƙirarriyar basira cikin hirarmu ta waya: mai gaisuwa, mai ciniki, mai lura da mangaza, wato ɗakin ajiyar waken. Don tsabar iyawa na kafa musu dokar gidanmu: babba ke fara magana. Na manta mai mangaza na fara sakawa, shi ne babba.

Mutumin ya yi sallama kawai, shegen ya amsa: "Buhu sha biyu sun fara ƙwari."

"Allah ya yi wa yaronka albarka, Alhaji," in ji mai saye, ya zabge jika uku na sefa a kowane buhu.

Jika ɗari da ashirin sun tafi. Har yau in na buɗe baki a kasuwa sai a ce, "Dakata, Alhaji, babba bai yi magana ba."