Gahawar Wakra Da Ta Ƙi Ƙarewa

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na kusa kayar da wani dattijon Balarabe da tsayuwa, shi kuma ya kusa kashe ni da gahawa, kowannenmu yana ganin ladabi yake yi.

Ni tela ne a Gusau, karatuna bai wuce firamare ba, kuma Allah Ya yi ni da fargaba. Ni ne zan kulle shago, in kai bakin titi, in dawo in sake taɓa kwaɗon. Ƙanena Nazifi injiniya ne a Doha. Korona ta hana mu ganin juna tsawon lokaci, sai da gasar cin kofin duniya ta zo ya turo mini tikiti, ya ce, "Yaya, zo ka ga teku, ka huta da keken nan."

Na kuwa ga teku! Mun shiga jirgin ruwa na katako, matasa suna rawa, ni ina riƙe da ƙarfe ina karanto duk addu'ar da na sani. Mun hau jirgin ƙasa marar direba (sai da na je gaba na leƙa, wallahi babu kowa). Ko'ina ganguna da tutoci, mutumin da ba ka taɓa gani ba ya rungume ka don an ci ƙwallo. Rabona da dariya irin ta kwanakin nan har na manta.

Sai ranar da mahaifin ogan Nazifi ya gayyace mu gidansa a Wakra, kusa da inda masunta ke ɗaure jiragensu. A mota Nazifi ya ce, "Yaya, mutanen nan suna ganin girmana. Abu ɗaya: duk abin da aka miƙo maka, karɓa da dama, kada ka ƙi."

Shi ke nan, ya ɗora mini dutse. Na ƙudurta ko guba aka ba ni zan sha, ba dai a ce yayan Nazifi ya zubar masa da mutunci a wurin aiki ba.

Muna zama a ɗakin baƙi aka kira Nazifi ya gyara tsayuwar motarsa, ogan ya bi shi. Dattijon, wato mahaifin ogan, mai farin gemu da ciwon gwiwa, ya ƙi yarda kowa ya zuba wa baƙon da ya zo daga nesa sai shi. Ya miƙe da ƙyar, ya tsiyaya mini gahawa a ɗan finjali, ba ta ma kai rabi ba. Ga ƙamshi, ga ɗaci, babu sukari. Na shanye, na miƙa masa finjalin, don a wurinmu in ka mayar da ƙwarya ka gama ke nan.

Ya sake zubawa.

Na sha, na ce, "Shukran." Ya yi murmushi, ya sake zubawa. Sauran baƙin duk sun gama nasu, amma ban ga yadda suka yi ba, don kaina yana sunkuye (wai ni mai kunya). Na shiga lissafi: in na ajiye finjalin a ƙasa, ko zagi ne? In na riƙe, ko za a ce zan tafi da shi? Na ce bari in riƙa kurɓa a hankali. Sai na ga dattijo tsaye a kaina yana sauya ƙafa, yana cije leɓe. Tausayi ya kama ni, na koma shanyewa da sauri don ya samu ya zauna. Ashe wahala nake ƙara masa.

Da butar ta ƙare na yi hamdala a zuci. Aka shigo da wata.

An fara wasa a talabijin, amma babu mai kallo, mu ake kallo. Zuciyata tana bugawa kamar keken ɗinkina ana gobe Sallah, gumi ya jiƙa mini hula duk da sanyin na'ura, ga fitsari ya matse ni. Na miƙa finjalin karo na ban san nawa ba, sai hannuna ya kama karkarwa, finjalin yana rawa a tsakanin yatsuna.

"Khalas! Alhamdulillah!" in ji dattijo, wato shi ke nan, an gama. Ya karɓe finjalin, ya zube a kan matashin jingina yana murza gwiwa.

Daidai nan su Nazifi suka shigo. Aka yi musu bayani da Larabci, ɗakin ya fashe da dariya. Nazifi ya durƙusa yana hawaye.

"Yaya! Girgiza finjalin ake yi in ka ƙoshi! In ba ka girgiza ba, ba zai daina ba, kuma ba zai zauna ba!"

"Ai kai ka ce kada in ƙi, ɗan nema!"

"Na ce ka shanye musu buta biyu?"

Na tambaye shi a hankali ko na ɓata masa aiki. Ya ce ina! Dattijo cewa ya yi bai taɓa samun baƙon da ya girmama gahawarsa haka ba, sai dai in zan dawo a sanar da shi da wuri ya nemi kujera. Har ya sa aka ɗauro mini ƙullin gahawa in kai gida. Na karɓa da dama, na ce wa Nazifi, "Don girman Allah, ina banɗaki?"

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Ni na ƙara da cewa ba ya kuma ratsa taron Larabawa a guje, riƙe da mazugin wando.