Ranar da Firezidan Ya Raba Ceto a Tsibiri

Tsoro ya kama ni ne daidai lokacin da Mai Girma Firezidan Abdulmutallib Jatau ya miƙo hannu ya zare lasifika daga hannuna. Ban yi gardama ba. Wa zai ja da mutumin da Maraɗi ba ta taɓa haifar irinsa ba, kuma masana suka ce da wuya ta sake? Na dai tsaya ina kallonsa, kamar wanda ya ga an ba mahaukaci ashana a bakin rumbu.

Wanda bai san Firezidan ba bai san gari ba. Ya yi shekaru yana ɗaukar takardu daga wannan biro, wato ofis, zuwa wancan har ya yi ritaya, kuma a cewarsa babu wani babba da ya taɓa sa hannu a takarda ba ta bi ta hannunsa ba. Gaskiya ce. Shi ke kai ta. Da ya bar aiki sai ya ga bai dace ƙasa ta yi asarar kai irin nasa ba, don haka ya zama firezidan, wato shugaban ƙungiyar masu iyo ta Gulbin Maraɗi, gulbin da fiye da rabin shekara awaki ke kiwo a tsakiyarsa. A zamanin mulkinsa ko mutum ɗaya na ƙungiyar bai nutse ba, yana kuma yawan tuna wa jama'a haka. Tun daga nan duk wani sabon abu da ya shigo gari, kafin ya gama sauke kaya, zai tarar yana da shugaba.

Besbol kuwa ta zo ne ta hannun Fasto Inusa, mai kula da wata ƙaramar majami'a a garin Tsibiri. Kowace shekara wata majami'a a Amurka kan turo masa 'yan sa kai, su gyara rufi, su yi fenti, su koya wa yara wannan wasa. Wasan ba wuya. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya buge ta da kulki ya ruga, ya bi tashoshi uku ya dawo inda ya tashi, wurin da ake kira gida. In ya riga ƙwallon isa tasha, alƙali ya buɗe hannuwa ya ce "Sef", wato ya tsira. In ƙwallo ta riga shi, a ce "Aut", ya fita.

Yawancin yaran 'ya'yan Musulmi ne. Fasto Inusa ya daɗe yana zuwa suna, yana zuwa gaisuwar mutuwa, yana zama kan tabarma ana shan shayi da shi, kafin mai unguwa ya ba shi aron fili a bayan lakwal, makarantar boko. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa. A fili ƙwallo kawai. Wa'azi ya tsaya cikin majami'a, ga wanda ya kai kansa da ƙafarsa. Ranar da aka karya wannan, an karɓe fili. Ni Hafizu, da na gama karatun Ingilishi na dawo ina ƙirga kabu-kabu, baburan haya, a ƙofar gidanmu, aka ɗauke ni tafinta. Aikina na farko ke nan a duniya. Ni aka tura gida-gida na shaida wa iyaye sharaɗin, na kuma rantse wa mahaifina a kansa.

Ranar da baƙin bana suka iso, sun tarar da Firezidan a ƙofar majami'a cikin babbar riga, da hatimin sabuwar ƙungiyar besbol a aljihu, tawadarsa ko bushewa ba ta yi ba. Ba wanda ya gayyace shi. Ai manya ba a gayyatar su, ganin su kawai ake yi. Ingilishinsa ya koyo shi ne a kasuwar Jibiya, kalmomi uku masu albarka: "yes", "gud", da "las firais". Da ta ukun ya gaishe da shugaban baƙin, wani dattijo mai jan wuya da yara suka sa wa suna Dogo. Dogo ya yi murmushi ya maimaita masa, yana zaton gaisuwar Hausa ce.

Da aka buɗe akwatunan kayan wasa, idon Firezidan ya faɗa kan kayan mai tsugunno, wato yaron da ke bayan mai bugu yana cafe ƙwallo: sulken ƙirji, da makarin ƙwauri, da wani kwandon ƙarfe da ake sa wa fuska.

"Bon," in ji shi. "A kowace ƙasa ta duniya, shugaba shi ka sa sulke. Kun taɓa ganin an ba dakare lifidi an bar sarkin yaƙi da riga?"

Ya ɗaura sulke bisa babbar riga, ya kifa kwando a fuska. Yaron da aka yi kayan dominsa ya ci gaba da tare ƙwallo da haƙarƙarinsa. Yara suka raɗa wa shugabansu suna Takunkumi, sai dai shi ne takunkumi na farko da aka gani wanda bai hana baki aiki ba.

Kashegari ya kawo gyaransa na farko. Ya ga kowane yaro ya sa safar fata a hannun hagu yana cafe ƙwallo da ita, don ya jefa da dama. Ya busa usur har sai da jakin maƙwabta ya amsa.

"Atansiyo, ku saurara. Wa ya rene ku? Baƙo ya taso tun daga Amurka, ya bar iyalinai, ya jeho maka abu, kai kuma ka karɓa da hagu? Da hannun tsarki? Ba a Gobir ba, ba kuma ina raye ba. Kowa ya maida safa dama."

Kowa ya mayar. Babban yatsa ya shiga ɗakin ƙaramin yatsa. Yaro zai cafe ƙwallo, ya tsaya ya cire safa, ya maƙale ta a hammata, sannan ya jefa, lokacin kuwa mai gudu ya isa gida har ya sha ruwa. Dogo ya tambaye ni me ke faruwa. Na ce masa al'ada ce. Bawan Allah ya girgiza kai cikin ladabi, ya sauya tasa safar, ya umarci mutanensa su sauya, da yamma kuma ya tsaya gaban Firezidan ya nemi gafara a madadin ƙasarsu. Firezidan ya yafe wa Amurka.

Sauran kwanakin ya yi su ne a barandar majami'a, yana shan lemun baƙi, yana kare martabar Musulunci ta hanyar ƙin shiga ciki. Amma taga a buɗe take. Ta nan ya riƙa jin wata kalma tana fitowa cikin waƙa da addu'a, kalma mai nauyi, mai cika baki. Ya ɗauke ta ya ajiye, kamar yadda yake ajiye duk abin da ya tsinta a gidan mutane.

Ranar ƙarshe aka shirya karawa tsakanin yaran Tsibiri da na Jiratawa. Aka ɗaura ƙahon lasifika a kan bishiyar bedi, mai kai murya har bakin kasuwa. Iyaye suka zo, masu ƙosai da masu kwaɗon zogale suka kafa tasoshinsu, na Jiratawa suka sauka daga amalanke da ganguna. Aikina shi ne in riƙa bayyana wa jama'a abin da ke gudana. Dogo, alƙalin wasa, ya ce "Sef", in ce ya tsira. Ya ce "Aut", in ce ya fita. Wasa na tafiya lafiya lau, sai na ji ƙamshin turare da ƙarar sulke a bayana.

"Yaro, mi kake ta hwaɗi haka, tsira, tsira? Kaza ka tsira daga shaho. Wanga babban taro ne, babbar Hausa yake so. Kawo nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi."

Nan ne ya zare lasifikar.

Bilal, ɗan Gwaggo Tsahara mai ƙosai, ya daki ƙwallo ta wuce kan 'yan Jiratawa. Ya ruga, ya zube da ciki a kan tasha, ƙura ta tashi. Dogo ya buɗe hannuwa. Firezidan ya gyara murya irin ta sanƙiran kokawa.

"Jama'ar Tsibiri, ku shaida! Bilal ɗan Tsahara ya samu ceto. Ya samu ceto a hannun Bature, a gaban idonku."

Ganguna suka tsaya. Firezidan ya ɗauki shirun a matsayin girmamawa, don bai taɓa jin wani irin shiru ba. Aka fitar da yaro na gaba.

"Wanga kam ya halaka. Allah ya ba iyayenai haƙuri."

Akwai wata dabara a wasan, mai gudu ya faki ido ya tsallaka tasha ta gaba tun ba a buga ƙwallo ba. Su masu wasan sata suke kiranta, na kuma yi kuskuren gaya wa Firezidan haka tun a makon farko. Tanimu ɗan liman, yaro mai ƙafa kamar barewa, ya zaɓi wannan lokaci ya gwada ta.

"Wala. Tanimu ɗan Malam Liman ya yi sata da rana tsaka, baƙi kuma sun ce ya kyauta. Shi ma ya samu ceto. Ina tabbatar muku, a matsayina na shugaba, kahin magariba in sha Allahu babu ɗan Tsibiri da za shi kwana bai samu ceto ba. Na Jiratawa su yi haƙuri su bi layi."

Na hango Fasto Inusa daga can ƙarshen fili ya taso da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, yana neman wayar lasifika. Gwaggo Tsahara ta riga shi. Ta bar mai a kan wuta ta ratso tsakiyar fili da matsamin ƙosai a hannu. Ba ta nufi mai sulke ba. Ni ta nufa.

"Hafizu ɗan Malam Gambo, ba kai ka zo har ɗakina ka ce ƙwallo ce ba? Wa ya ceci ɗana? Daga mi? Yaron da ni na tashe shi sallar asuba yau?"

"Gwaggo, wallahi tasha kawai ya taka."

"Tashar ina?"

Maza suka fara tasowa daga inuwa. Na ga wani saurayi ya sunkuya ya ɗauki kulkin wasa, ba kuma layinsa ne na bugu ba. Baƙin, da ba su ji ko kalma ɗaya ba, suna ta tafi, wata daga cikinsu tana ɗaukar taron a salula tana share hawayen murna. A ƙasar nan mun san abin da kalma ɗaya kan haifa in ta faɗa cikin taro. Har yau in na ji an gwada lasifika, sai in waiwaya in nemi hanyar fita.

A irin wannan lokaci ake gane shugaba. Firezidan ya ɗaga kwandon fuskarsa, ya dubi jama'a, ya yi jawabinsa mafi gajarta.

"Ni shugaba ne, ba tahinta ba. Kalmar yaron ga ce."

Ya dangwara mini lasifika a ƙirji. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Hanyar fita ta toshe da mutane, don haka ya bi ta tasha ta farko, ya karya ta biyu, ya taka ta uku, babbar riga na kaɗawa ƙarƙashin sulke, ya haure katangar lakwal, ya faɗa bayan wani kabu-kabu. Masu shago a hanyar Maraɗi sun ce sun ga wani abu mai fuskar ƙarfe ya wuce yana cewa a ƙara wuta. A tarihin filin nan shi kaɗai ne ya zagaye tashoshi duka ya isa gida bai taɓa ƙwallo ba.

Abin da ya kashe wutar shi ne Fasto Inusa ya tsaya tsakiya da hannuwa a sama yana kiran kowa da sunansa, mai unguwa ya aiko a ce kowa ya ajiye abin hannunsa, ladan kuma ya kira la'asar. Aka watse ana gunaguni. Ba a taɓa kowa ba. Aka dai kwashe tashoshin, aka ce ba wasa sai dattawa sun zauna.

Sun zauna a zauren mai unguwa. Sun ji Fasto. Sun ji Gwaggo Tsahara. Liman ya tambaye ni sau biyu wace irin sata ce ake yi wa tafi, na zana masa fili a ƙasa da yatsa, mahaifina na zaune a gefe bai ɗaga kai ba. Firezidan bai samu zuwa ba. Ya aiko cewa aikin ƙasa ya riƙe shi, kuma yana ba da shawarar a ja wa tafinta kunne, don ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sulken ma bai dawo da shi ba.

Baƙi sun koma ƙasarsu, safa a hannun dama. Yara na buga ƙwallon tsumma da karan gero a lungu, in ɗaya ya taka dutse sai su duba hagu da dama kafin su raɗa masa cewa ya samu ceto, su fashe da dariya.

Jiya na hango Firezidan wurin mai sassaƙa hatimi a bakin kasuwar Maraɗi. Ya sauka daga besbol, wai wasa ne na marasa tarbiyya. Sabon hatiminsa na shugaban ƙungiyar masu tsere ne, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba, don wannan ce sarautarsa ta farko da ke da shaidu.

Mai unguwa ya ce zai aiko da hukunci a kan fili, da kuma a kaina. Har yanzu bai aiko ba.