Rasuwar Malam Shiru, Ƙwarangwal ɗin Ɗaliban Likita

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, da gwiwoyin da suka gaji da hawa bene, Malam Muntaka mai shara na unguwar Ruwais yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Jidda rasuwar abokin zamansa na shekara ashirin da takwas, Malam Shiru, ƙwarangwal ɗin da ake koya wa ɗaliban likita sassan jikin ɗan Adam da shi a wata kwaleji da ke Aziziyya. Wannan ita ce rasuwarsa ta biyu. Ta farko ba wanda ya san inda aka yi ta, balle ranarta.

Marigayin ya sauka Jidda a 1981 cikin akwatin katako, an ce daga Indiya, ba suna ba dangi. Shekara biyu ke nan da Muntaka ya zo aikin Hajji ya ƙi komawa, yana shara a kwalejin da sunan wani Abdulghani da ya daɗe da barin ƙasar. Shi aka miƙa wa guduma aka ce ya buɗe akwatin. Ya buɗe, ya yi salati, ya kwana uku bai iya cin nama ba. Da wani tsohon likita Bamisire ya tabbatar masa ƙashin mutum ne na gaske, ba roba ba, sai ya je kasuwar Bab Makka ya yanko farin yadi. Tun daga ranar, duk yamma idan ɗalibai sun watse yakan rufe shi daga kai har ƙafa, domin a ganinsa ko wane ne mutumin nan, uwa ce ta haife shi, bai kamata ya kwana tsirara ba. An yi masa dariya har aka gaji aka bari.

Halin marigayin kuwa, sai dai a ce Allah Ya ba mu irinsa. Shekara da shekaru yana tsaye, ƙugiya a ƙoƙon kansa, bai taɓa neman kujera ba. An ƙirga haƙarƙarinsa sau dubu nawa, an cire hannunsa an zagaya aji da shi, an sa masa alli ja da shuɗi a ƙugu don a nuna inda tsoka take kamawa. Yara marasa ta-ido sun liƙa masa sigari a baki, sun naɗa masa rawani ranar jarrabawa, bai ce uffan ba. Shi kaɗai ne namijin da yake shiga ajin 'yan mata ba tare da an tashi neman mayafi ba. Muntaka yakan tura shi har bakin ƙofa ya juya baya, wata baiwar Allah ta ja shi ciki.

Maganarsa duk ba ta wuce uku ba. Tayar hagu ta ƙarfen da aka rataye shi takan ce ƙiii idan an sha kwana, yatsunsa su ce kwaras-kwaras idan na'urar sanyi ta buso, muƙamuƙinsa kuma ya ce kaf idan ɗalibi ya sake shi da ƙarfi. Muntaka ya ce ya zauna da mutane masu baki cike da magana, bai ƙaru da su kamar yadda ya ƙaru da waɗannan ukun ba.

Gaskiya dai a faɗe ta ko a kan gawa: ƙasusuwan marigayin ba su cika ɗari biyu da shida ba. Wani ɗalibi ya sace ƙashin ƙaramin yatsa zai yi bita a gida, bai dawo da shi ba har yau, kuma an ce yanzu babban likitan ƙashi ne. Muntaka ya ji tsoron kada a ce shi ne, a nemi takardunsa, sai ya sassaƙa guntun asuwaki ya ɗaura da waya. Shekara tara ana koyar da wannan asuwaki da sunansa na Latin, ba malamin da ya lura.

Jinyarsa ta faro ne da laimar teku, wadda ta ci wayoyin gaɓoɓinsa har kafaɗar dama ta fara zamewa. Sai aka kawo sabo na roba, fari tas, haƙora a jere kamar na mai tallan man goge baki, aka sauke dattijon zuwa ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Muntaka ya ci gaba da sauka yana rufe shi, duk da gwiwarsa ba ta son matakalar. Ajali ya zo da ambaliyar kwanakin baya, ranar da alhazai suka fita Mina. Kwaleji a rufe, hanya a yanke, Muntaka yana Ruwais yana kwashe ruwa daga nasa ɗakin da bokiti. Da ya samu shiga bayan kwana shida, ya tarar da shi kwance cikin taɓo, ƙashin baya ya watse kamar tsinkakken carbi, baƙin fumfuna ya kama ƙoƙon kai. Ya tsince shi ɗaya bayan ɗaya a kwandon shara, don ba shi da wani abin.

Marigayin ya bar na robar nan, wanda bai san kowa ba. Ya bar wata zuciya a cikin kwalba, da hoton mutum marar fata a bango, da likitoci fiye da dubu a asibitocin ƙasar nan da wajenta, waɗanda ba ɗaya da ya aiko da gaisuwa. Ya kuma bar Muntaka, mai shekara sittin da huɗu, ba mata a kusa, ba iƙama, wato takardar izinin zama.

To, ga inda gizo yake saƙar. Sabon shugaban sashe ya ce halas, an gama da shi, a zuba shi a jar leda a haɗa da sharar asibiti a ƙone. Muntaka bai taɓa musu da mai ofis ba a rayuwarsa, amma ranar ya ce a ransa: Mutumin da ya yi wa jama'a tsayuwar shekara ashirin da takwas, a sallame shi da wuta? Ya ce to, ya ɗauki ledar, ya wuce da ita gida cikin kwalin dabino.

Ya je wurin liman, liman ya ce tunda ba a san addininsa ba, ba wanka ba salla, amma ɗan Adam ne, ƙasa haƙƙinsa ce. Ya je wurin Dakta Mastura, jikar mutanenmu ce haifaffiyar nan, a kan haƙarƙarin marigayin ta koyi ƙirga. Ta buga waya wuri huɗu, ta ajiye.

"Ya ammi, wallahi na gwada," in ji ta da Hausarta mai ɗingishi. "Maƙabarta suna so waraga, takardar mutuwa da ta zama. Shi ba shi da, kai ma ba ka da. Idan an gan ka da ƙashi a kwali, ba tarhil kawai ba ne."

Tarhil dai kowa ya san shi, gidan da ake tara marasa takarda kafin a zuba su a jirgi. Abin da ya fi shi kuwa ba sai an faɗa ba. Muntaka ya ce ya ji. Ta ciro sabon likkafani daga aljihun tebur ta ba shi, ashe ta riga ta san amsar da zai bayar.

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Juma'a mai zuwa, da an sauko daga masallaci, lokacin da rana take korar kowa cikin gida. Za a tashi daga Ruwais a akori-kurar Haladu mai ɗaukar kayan gini, wanda ya yarda bisa sharaɗin bai san abin da ke cikin kwalin ba. Za a bi hanyar kudu har inda gidaje suka ƙare, a haƙa a gindin wani dutse. Akwai shingen 'yan sanda ɗaya a hanyar, wani lokaci suna tsayarwa, wani lokaci zafi yakan hana su. Ba a buƙatar rakiya, mota ba ta da wuri, kuma taro yana jawo ido. Ba zaman makoki, ba sadakar uku. Mai shebur mai kyau ya ba da aro.

Wanda yake son yi wa Muntaka addu'a, ya ce kada a wahalar da baki wajen roƙon kada a kama shi, shekara talatin yana wannan roƙon, ya gaji. In dai kamun ne, a roƙa masa ya zo a hanyar dawowa.